Ruwan da muke turawa lungu, wa ya taɓa cin moriyarsa sau biyu?

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram in bazara ta kama, bido jere a bakin famfo tun asuba, amma ruwan nan da muka saya da tsada wajen ƴan ga-ruwa muna gama alwala da wanke-wanke sai mu sake shi ta rariya ya je lungu ya zama kwata da sauro. Wanda ya gwada wata dabara a gidansa ya ba mu labari don Allah.

Maman Hadiza: Wa alaikumus salam. Ni wurin alwalar kawai na matsar, na kai shi gindin zogale, na tona ɗan rami na zuba tsakuwa, shi ke nan babu wanda nake roƙo ya yi ban ruwa, salla biyar ita ke yi. Ganyen mu yi kwaɗo, ƙaran da sauran a ba awaki, kashin awakin kuma ina tarawa a rami da shara da toka har ya ruɓe, damina ta kusa maigida ya kwashe a amalanke zuwa gona. Amma fa kar a cika wa zogale ruwa, saiwarsa ruɓewa take.

Manomin Matameye: Hajiya kin yi daidai, mu a daji gawo ke mana wannan aikin tun kakanni. Da damina ya zubar da ganye bai tare wa hatsi rana ba, da rani ya yi kore, bisashe su zo inuwa su ci ƴaƴan su bar taki nan gindinsa, je ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ka dubi ta fili ka gaya min. Shi ya sa daga nan har Magarya da Mirya in muna sassabe ba ma tumɓuke tsiro, sai mu zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi mu gyara su mu bar su.

Ɗan Zango: To Hajiya ruwan wanki fa? shi ya fi yawa a gidanmu wlh

Maman Hadiza: Na Omo ban yarda da shi a kan kayan miya ba, ƙona su yake. Na ɗauraya dai ina ba dogon yaro, shi ba abin da ya dame shi.

Malam na Birni: Ku dai tsince leda kafin ku zuba shara a ramin, ba ta ruɓewa, akuya ta haɗiye kuma sai rama har ta mutu. Sannan ramin ruwan ya yi nesa da katanga in ginin ƙasa ne, a lungunmu akwai wanda tasa ta jiƙe daga ƙasa ta tsage.

Ɗan Zango: Gidanmu na laka ne Malam, taku nawa zan bari?

Malam na Birni: Kai shi tsakar gida kawai, inda ba ya kusa da kowane bango.