Tsohon Gidan Sistoci da Mai Kwalin Obalende

Baƙon Zazzau:
Assalamu alaikum, mazauna Ikko. Sarin yadi ya kawo ni kasuwar Balogun, kaya kuwa sai jibi. Mai masaukina ya ja ni yawo cikin Tsibirin Legas, muka bi ta Broad Street har gidan sistocin cocin Katolika na St. Mary, inda aka fara karantar da 'yan mata tun 1873, muka ɓulla ta cocin Holy Cross. Abin da na gani ya hana ni barci, sai na zuba shi a baiti. Mai iyawa ya ɗora.

Na zo Ikko sayen yadi,
Ƙafa ta kai ni gun dubawa.
Wata sista ta buɗe ƙofa,
Farin mayafi, babu gaggawa.
Na ce da ita ni Musulmi ne,
Ta ce shigo, ba mu korar kowa.
Ciki shiru, ka ce ba Legas ba,
Hayaniyar danfo ba ta isowa.
Ta ba ni labarin na farkonsu,
'Yan matan Faransa masu tasowa.
Jirgin ruwa ya sauke su,
Zazzaɓi na jira, ba sassautawa.
Wasu ba su ga furfura ba,
Aka binne su nan, ba komawa.
Na fito jikina duk ya yi sanyi,
Muka yi Obalende rana na faɗuwa.
Ƙarƙashin gada ga wani kwance,
Kwali shimfiɗa, leda abin rufawa.
Takalminsa ya yi matashi,
Don ɓarayi ba su da tausayawa.
Na ce "sannu" don dai in wuce,
Ya amsa da Hausar Sakkwatawa:
"Lahiya lau, Malam, an gode,
Shekara ukku nan nika kwantawa."
Na ba shi dubu, kunya ta kama ni,
Ban tambayi sunansa ba, ni wawa.
Baƙin Faransa sun sami ɗaki,
Yaya namu ya rasa inuwa?

Ɗan Zangon Agege:
Wa alaikumus salam. Malam, barka da zuwa, amma ka taɓa mu. Na sauya amsa-amo don ka ji da kyau.

Ranka ya daɗe, baƙon Zazzau,
Kwana biyu ka yi, ka hau doki.
Gini ɗaya ka gani, gada ɗaya,
Ka sa mu a layin marasa kirki.
Tun zamanin fataken goro
Zango bai hana baƙo masauki.
Ka zo Agege, ka je Idi-Araba,
Mutum goma ke kwana a ɗaki.
Barandar masallaci ma ta cika,
Sai ka tsallake mutum ka je tsarki.
Amma kullum tirela na sauke
Samari a Mile 12, ba aiki.
Lambar ɗan garinsu ce jari,
In ya ƙi ɗagawa, sai tsaki.
Mai haya na son shekara a dunƙule,
Ga ejan a gefe ya buɗe baki.
Tulu ɗaya ne, maƙogwaro dubu,
In bai kai ba, ina mamaki?

Nas 'Yar Malumfashi:
Ku yi mini izini in shiga tsakani. Yaya Baƙo, akwai gyara a baitinka na ƙarshe.

Yayana, ni Kirista ce,
Sistoci suka sa ni makaranta.
Ka ce sun zo sun sami ɗaki,
Akwai waɗanda baitinka ya manta.
Aguda suka tarar a Ikko,
'Yan Birazil da suka fito daga bauta.
An sayar da su, sun dawo ta teku,
Da yawa ba su san inda za su kwanta.
Magina ne, kafintoci ne,
Suka ɗora bulo, Campos ta ƙawata.
Hannun da ya san ginin coci
Ya gina masallaci, je ka karanta.
Sista ta yi alkawarin talauci,
Gado da kwano, babu nata.
Amma ta san in dare ya yi
Akwai ƙofar da za ta rufe ta huta.
Talaucin zaɓi da talaucin dole,
Ko makaho ya shafa zai bambanta.

Campos unguwar Aguda ce a Tsibirin. Masallacin da nake nufi shi ne na Shitta-Bey a Martins Street, an buɗe shi 1894, fasalin ginin Birazil ne sak. Daga inda ka tsaya tafiyar ƙafa ce, ka leƙa kafin ka koma.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Ni ba malami ba ne, baitina gurgu ne, a yi haƙuri. A watan Yuni na 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ni kuma ban daina fita ba, don bashin babur na wuyana.

Ku kun gani, ni na ɗanɗana,
Wata bakwai gada ce rufina.
Ranar Talata aka kama babur,
Wata na mutuwa aka fid da kayana.
Kuna tsammani wurin kyauta ne?
Akwai mai karɓar kuɗin kwana.
Kwalin ma saye ake yi,
Na firiji ya fi, ya kai tsawona.
Wanka kuɗi, ban ɗaki kuɗi,
Cajin waya kuɗi, ban da cikina.
In ruwan Yuli ya kece da dare,
A tsaye muke har fitowar rana.
Inna ta kira, ta ce "Ya Ikko?"
Na ce "Lafiya, ina shagona."
Na yi dako na tura mata,
Ta sa albarka, ta gaya wa ƙanena.
Shi ma ya hau tirela ya taho,
Ƙaryata ce ta raba shi da gona.
Baƙo, dubunka ta sai masa shayi,
Amma da ka tsaya ka tambayi suna.

Ɗan Zango, gaskiya ka faɗa, ana ba da masauki. Sai dai wanda ya taɓa riƙe makullin ɗakinsa, kunya kan hana shi zuwa ya ce a matsa masa. Kuɗin mota zuwa gida kuwa na sha samunsa. Fuskar da zan sauka da ita a tasha ce ban samu ba.

Dattijon Obalende:
Yaro, Allah ya shi maka albarka, ka rufe bakin kowa. Ni a nan aka haife ni. Bature Glover ya ɗebi Hausawa aikin soja tun 1863, kuma sojojin Hausawa ne suka zauna unguwar nan da fari. Sunan ma, in ka tambayi Bayarabe, zai ce maka ma'anarsa inda sarki ya koro mu. Kada kuma ku ɗauka namu kaɗai ke kwana a waje. A Yulin 1990 na ga unguwar Maroko ta nan Ikko da idona bayan katafila ta rushe ta.

Na ga tsohuwa bisa katifa,
Ba bango, ruwa na zubowa.
Tukunya a hannu, jika a baya,
Ba ta san inda za ta dosa ba, baiwa.
Wurin yau benaye ne masu gilashi,
Mu ne masu gadi a ƙofar shigowa.

Baƙon Zazzau:
Baba, na gode. Ƙanwata Nas, na karɓi gyara. Ɗan Acaɓa, baitinka ne ya mayar da ni Obalende yau bayan la'asar.

Na koma gadar da saurina,
Mai kwalin ya fita nemowa.
Ya naɗe shi tsaf bayan ginshiƙi,
Ya danne da dutse, ba tashiwa.
Mai shayi ya ce dako yake yi,
Sai bayan isha yake dawowa.
Ya ce Basakkwace suke ce masa,
Sunan yanka bai sani ba shi kuwa.

Kayana sun iso, motarmu za ta tashi da asuba. Ba zan same shi ba.

Ɗan Zangon Agege:
Malam, wane ginshiƙi, kuma mai shayin na wane ɓangare ne, na tashar danfo ko na hanyar Ikoyi? Yaron shagona ya tafi gida ɗaurin aure, tabarmarsa na nan a naɗe har bayan Sallah. Ɗan Acaɓa, kai za ka raka ni gobe da dare, don ni ban san yadda ake buɗe maganar ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Kada ka ce masa taimako, Alhaji. Ce masa kana neman mai kwana a shago saboda ɓarayi. Ƙarfe tara, a bakin gadar.