Likita ya ce a ɗora ƙanina a kan magani don ya bar tiramol, Abba ya ce an canza wa tuwo suna ne kawai

Maman_Ilham:
Slm jama'a, dan Allah wanda ya san abin nan ya ba ni shawara, ba wa'azi nake nema ba don wa'azi kam mun sha shi. Ƙanina ne, shekararsa 26, adaidaita yake ja, ya fara shan tiramol wai don ya kai dare yana aiki bai gaji ba, daga guda ɗaya da safe har abin ya kai in Umma za ta wanke masa kaya sai ta zazzage fankon kati a aljihu, irin mai 225 ɗin nan. Sau biyu yana faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, na biyun a cikin adaidaitar ne, Allah ya sa ya tsaya sauke fasinja. Abba ya kai shi gidan mari wata huɗu, ya dawo da tabon sasari a ƙafa, ko sati uku bai rufa ba ya koma ruwa. Yanzu mun kai shi asibiti ɓangaren ƙwaƙwalwa, likita ya ce akwai wani magani buprenorphine da ake sawa a ƙarƙashin harshe, kuma zai iya yin watanni ko sama da shekara yana sha. Abba ya tambaye shi wane irin magani ne, likitan bai ɓoye ba ya ce shi ma danginsu tiramol ɗin ne, shikenan Abba ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce an canza wa tuwo suna, shi ba zai biya kuɗi a koya wa ɗansa sabuwar ƙwaya ba. Ni na rasa ta cewa. Gaskiya canjin ƙwaya ne ko magani ne?

Sista_Barnawa:
Wslm 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni nas ce a ɓangaren masu irin wannan larurar, kuma tambayar Abba kusan kowane uba sai ya yi ta, kar ki ga laifinsa. Eh dangi ɗaya ne amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Tunda ƙanin naki ɗan adaidaita ne ki kwatanta masa haka: akwai wata kujera a ƙwaƙwalwa da tiramol da kodin suke zama a kai, su hau da ƙarfi mutum ya ji shi a sama, bayan 'yan awoyi su sauka su bar shi da hamma da majina da ciwon gaɓɓai sai ya sake nemowa. Shi buprenorphine in ya zauna a kujerar baya tashi da wuri, yana wuni ya kwana, kuma rabin aiki kawai yake yi, iya wanda zai kashe ciwon da ƙwaɗayin ba tare da ya bugar da mutumin da jikinsa ya riga ya saba ba, sauran ƙwayoyin in sun zo sai su tarar mota ta cika. Akwai methadone shi ma sau ɗaya a rana, ya fi ƙarfi shi ya sa a gaban ma'aikaci ake shan sa. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, Tanzaniya ta buɗe asibitin methadone a Muhimbili tun 2011, Senigal ma suna da cibiya a Dakar.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarinki shi ne wata huɗun nan. Mutum in aka tsare shi ya daina, jikinsa yana manta yawan da ya saba, sai ya fito ya watsa irin na da, numfashi ya tsaya. Lokacin da ake ta yi wa iyaye barka an shiryu, lokacin ne ya fi haɗari. Ga kuma jijjigar, tiramol ne da kansa yake jawo ta in ya yi yawa, ba aljanu ba ne.

Dan_Gwammaja:
Ni dai ina bayan Abba. Kodin ɗin ma ai maganin tari ne likitoci suke rubutawa, sai da ya cinye matasa da matan aure kafin gwamnati ta hana shi a 2018 bayan binciken BBC. Gobe wannan ɗin ma a kemis ɗin lungu za ku gan shi. A dage da addu'a a raba shi da abokai kawai.

Tsohon_dan_kwalba:
Malam Dan_Gwammaja maganarka ta kemis gaskiya ce, shi ya sa ba a ba mutum ya tafi da shi gida da farko. Amma addu'a wlh babu irin wadda mahaifiyata ba ta yi ba, har rubutu na sha jarka guda. Ni da kodin na fara a Kano ina zubawa a robar lemo, na zo Ingila karatu na ci gaba da ƙwayoyinsa, na yi ƙoƙarin dainawa da kaina ya fi sau goma, kwana na biyu zuwa na uku ne yake kayar da ni, zufa ga sanyi lokaci guda, gudawa, ƙafafuna kamar ana tsotsar ɓargon ciki, in kwana ina juyi har asuba. A nan da aka ɗora ni a kan buprenorphine ɗin, kullum da safe sai na je kemis na sa a ƙarƙashin harshe mai kemis yana kallona har ya narke, sai da aka yi watanni kafin su yarda su ba ni na sati. Hajiya ki gaya wa ƙaninki abu ɗaya: kar ya yi wa likita ƙarya a kan yaushe ya sha na ƙarshe, don sai ciwon ya fara tasowa ake ba da na farko, in akwai ƙwaya a jiki maganin zai fizge ta daga kujerar da Sista ta faɗa, ciwon ya rufto gaba ɗaya. Shekara biyu na yi a kai aka dinga ragewa a hankali, ban taɓa jin maye ba ko sau ɗaya, abin da na ji kawai na farka da safe ban fara lissafin inda zan samo ba. Ina salla a kan lokaci, ina zuwa aiki. Zaman da nake da mai ba da shawara duk sati shi ma ya yi rabin aikin, don maganin baya canza maka lambar waya ko majalisa.

Ummu_Sadiq_Jos:
Ku yi haƙuri na shigo da tawa, ita giya fa? Kawuna ne, wata maƙwabciya ta ce akwai ƙwayar da ake daka wa mutum a abinci bai sani ba, in ya sha giya ya yi ta amai har ya tsane ta.

Sista_Barnawa:
Ummu Sadiq dan girman Allah kar ku yi. Disulfiram take nufi, yana hana hanta ƙarasa narkar da giya sai gubar ta taru, fuska ta yi ja, zuciya ta dinga bugawa, amai, jini ya faɗi, mai ciwon zuciya zai iya tafiya a haka. Sai da sanin mutum da yardarsa ake ba shi. Akwai naltrexone da acamprosate masu rage ƙwaɗayin, sun fi sauƙi. Kuma giya ta fi tiramol haɗari wajen dainawa farat ɗaya, wanda ya daɗe yana sha kullum in kuka kulle shi a ɗaki, kwana biyu zuwa uku zai iya fara karkarwa da jijjiga yana ganin abubuwa a bango, yana kisa. A asibiti ake yi, da maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Umma na Tsohon ɗan kwalba tana ta hawaye, ta ce ba ita za ta tunkari Abba ba, Baffa za ta kira don shi kaɗai yake jin maganarsa, kuma Baffan ne da ma ya hana a mayar da shi gidan mari yana tuna musu mutanen da 'yan sanda suka tarar cikin sasari a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. Sista tambaya ɗaya, in an fara zai iya ci gaba da jan adaidaita? Don mai ita ya ce zuwa ƙarshen wata in bai dawo ba zai ba wani.

Sista_Barnawa:
Kwanakin farko kar ya hau, yana iya sa gyangyaɗi kafin a daidaita masa, ga zancen jijjigar nan dole likita ya duba tukuna, shi zai ce yaushe. Ku tambaye shi kuma ko maganin zai dinga samuwa ba yankewa da nawa ne a wata, tun kafin a fara, don ba kowane asibiti ke da shi ba. Kuma ku tafi da Baffan ranar.