Dan Allah ku ban shawara, ƙanwata ta fito daga daji amma unguwa ta ƙi ta

Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana. Ƙanwata aka kwashe sanda Boko Haram suka shiga Bama a 2014, tana ƙarama suka aurar da ita ga ɗayansu. Bayan mutuwar Shekau a 2021 da mutane suka dinga fitowa daga Sambisa itama ta fito da yara biyu, ta zauna a cibiyar Bulumkutu nan Maiduguri, inda ake kula da waɗanda suka fito daga daji, kafin aka damƙa mana ita. Yanzu tana wajena, ta kasa awara a ƙofar gida har ta huce ba mai saye, yaran layi suna ce mata annoba, babban ɗanta in yaje makarantar allo sai yara su janye tabarma. Jiya da daddare tace min gara daji, can ba'a nuna ta da baki. Wallahi ban runtsa ba, ga maigidana ya fara cewa a kaita ƙauye. Ya zanyi?

Wata uwa: Allah sarki 'yar uwa, kar ki kaita ƙauye, can surutun yafi yawa. Maganar gara dajin nan kuwa kar ki ɗauka wasa, wasu ƙyamar ce ke sa su komawa. Ki daina barinta ita kaɗai a ɗaki, kuje suna da biki tare, ki ci abinci kwano ɗaya da ita a gaban maƙota.

Wani ɗan Gwoza: Gaskiya ku daina ganin laifin unguwa, wasunmu a gabanmu aka yanka iyayenmu, kuma an sha ɗaura wa 'yan mata bam, tsoron ba na banza bane.

Malamar islamiyya: Allah ya jiƙansu ɗan uwa, amma wannan sace ta akayi, kuma Alƙur'ani yace wani rai baya ɗaukar nauyin laifin wani, balle yaran da aka haifa a daji. Baiwar Allah ki sami maigidanki cikin lalama yaje wajen bulama, wato mai unguwa, da limamin unguwa, su suyi magana a masallaci, bakinsu yafi naki tasiri. Malamin allon ma a same shi.

Wata 'yar uwa: A canza mata sana'a tukunna, abin ci ne mutane ke tsoro. Ta koyi ɗinkin hula, ke ki dinga kaiwa kasuwa. In tana firgita cikin barci ko ta zauna shiru ba magana ki kaita asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Maiduguri, ba sai mai hauka ke zuwa ba.

Mai tambaya: Nagode, tana firgita sosai kam. Zan yiwa maigidan maganar bulama yau in ya dawo.