Kwance ƙafar gaban keke napep a gida: aikin direba ne ko na bakanike?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'a. Ni a wurina duk direban keken da ba zai iya kwance ƙafar gabansa a ƙofar gida ya mayar ba, bai gama koyon sana'ar ba. Sifana ce da jak da waigi, shi ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, amma mutum ya wayi gari taya ta sace, sai ya kama tura keke daga cikin unguwa har bakin titi don kawai a kwance masa noti. Ka kwance da kanka, ka ɗaura safaya, ka kai wa mai faci tayar kaɗai. Wanda ke da ja ya fito.

Direban Kawo: Wa alaikumus salam. Babu ja. Ai shi ya sa keken ke zuwa da safaya ɗaya tal. Bajaj RE da TVS King duk 4.00-8 suke sawa, gaba da baya, duk wadda ta sace a cikin ukun ita ce za ta maye gurbinta. Da kamfani ya san sai bakanike, me zai sa ya haɗa ka da sifanar taya?

Alhaji Mai Kekuna: Ni ina da ja, kuma ba ƙarami ba. Ku kuna magana ne a matsayin masu tuƙi, ni kuwa ni ke sayen kaya idan sun lalace. Yaran da ke tuƙa kekunana suna kawo mini balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai keke, na hana su taɓa ƙafar gaba. Ta baya idan ta yi sako-sako za ka ji keken yana rawa, ka samu ka gangara gefe. Ta gaba ita kaɗai ce, ita ke juya kan keken, kuma tana cikin masu riƙe birki. Ranar da ta fita a kan gadar Kawo da fasinja a baya, ba maganar balas za a yi ba.

Ɗan Rigasa: Alhaji, da girmanku, ai notin da bakanike ke ɗaurewa shi ne dai notin da ni zan ɗaure. Hannunsa ba na ƙarfe ba ne.

Bakaniken Panteka: Ku bari in shigo, tun da abincina ake magana. Ɗan Rigasa, ƙanena, ba zan ce maka aikin yana da wuya ba, yaron shagona ma yana yi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mutane ba su san noti kashi nawa ne a jikin ƙafar nan ba. Kashi uku ne. Akwai waɗanda ke riƙe wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, a jikin dirom ɗin birki, su kaɗai ne naka idan taya za ka sauya. Akwai babban noti na tsakiya mai fil a jikinsa, shi ke riƙe dirom da boris, wato ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa, a kan sandar ƙafar, wannan ba ruwanka da shi. Sannan a wili mai tiyub, wanda falle biyu ne aka haɗa, akwai ƙananan noti a zagaye da ke riƙe fallen biyu. Waɗannan su ne masifar. Idan ka kwance su alhali da iska a cikin tayar, iskar ce za ta raba wilin da ƙarfi, kuma fuskarka ce a wurin domin a tsugune kake. Sai an zare bakin tiyub iska ta fita ƙaf kafin a taɓa su. Wanda ya san wannan ya kwance abinsa a gida, ban hana shi ba. Wanda bai sani ba ya zo in cire masa, ko sisi kada ya ba ni.

Direban Kawo: Oga, ai tayar da ta sace babu iska a cikinta.

Bakaniken Panteka: Ba kullum don faci ake kwancewa ba. Wani zai mayar da ta gaba baya ne saboda ta fi cinyewa, wani birkinsa ke ƙara yana so ya leƙa. A nan tayar cike take.

Maman Ikilima: Ni ba direba ba ce, maigidana ne ke tuƙi, amma a tsakar gidana ake yin aikin, don haka ina da ta cewa. Ba notinku ya dame ni ba, yadda kuke ɗaga keken ne. Jak ɗin ya ɓata tun tuni, sai a kira samari biyu su cicciɓi gaban a tura bulo. Bulon siminti kuwa fashewa yake yi ba sallama. Ga yara suna zagaye suna kallo, wani har leƙa ƙarƙashi yake yi. Idan za ku yi a gida, ku kori yara tukuna don Allah.

Ɗan Rigasa: Hajiya wannan gaskiya ce, amma laifin mai bulo ne, ba na aikin ba. Ga yadda nake yi. Wuri mai tauri kuma a daidaice, ba kan yashi ko gangare ba. In ja birkin hannu, in sa waigi gaba da bayan ƙafafun baya biyu. In sassauta notin tun taya tana ƙasa, domin idan ka ɗaga ta juyawa kawai za ta yi ta yi da sifanar. Sai jak a jikin ƙarfen ƙasa mai kauri, ba a falankin da ake taka ƙafa ba, in tura guntun katako mai ƙwari a gefe ko da jak zai zame. Injin a baya yake, gaban ba shi da wani nauyi.

Direban Kawo: Ni ko jak ba na nema. Mutum biyu su kishingiɗar da keken gefe guda, a gama a tayar da shi.

Bakaniken Panteka: Wannan ɗin ne ba na so. Ka kishingiɗar da shi fetur ya tsiyayo ta kafireta, ruwan batir ya zubo idan mai ruwa ne, ga rufi da madubi a ƙasa. Kuma idan hannun ɗaya ya gaji fa? A tsakiyar hanya da dare na yarda, lalura ce. A gida ba ka da uzuri.

Ɗalibin Kadpoli: Ku gafarce ni manya, tambaya ce. Na ga wani babur mai ƙafa uku a bidiyo, amma shi biyu ne a gaba ɗaya a baya. Can-Am Spyder sunansa, kamfanin BRP na Kanada ke ƙera shi tun 2007. Masu shi a Amurka a garejin gidansu suke kwance ƙafafun gaban su kai a sa musu sabuwar taya. Idan su suna yi da babur mai tsada haka, me zai hana mu?

Bakaniken Panteka: Ka lura da abin da ke hannunsu a bidiyon? Suna da sifana mai awo, wadda ake saita ta a kan adadin ƙarfin da littafin babur ya faɗa, idan an kai ta yi ƙas. Shi wancan birkin faifai ne da shi, ƙafar kuma kamar ta mota ake ɗaure ta. Mu nan da me muke aunawa? Mutum ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle. Noti ya cinye haƙoransa, ko kusar ta miƙe ta tsage daga ciki ba ka gani ba, sai ta karye a cikin rami.

Alhaji Mai Kekuna: To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Rigasa: Alhaji ai wannan ba hujjarku ba ce, tawa ce. Wa ya fi hawa kan sifana da ƙafa? Yaran gareji ne. Ni an taɓa ɗaure mini ƙafar gaba a wani gareji, noti ɗaya kawai aka matse sauran da hannu aka murza, oga yana waya yaro yana sauri. Allah ya sa na ji kan keken yana kaɗawa kafin in ɗauki kowa. Ni da zan hau abin, ni na fi kowa damuwa da ya ɗauru.

Bakaniken Panteka: Ban musa ba, akwai irinsu a cikinmu. To ga sharaɗina ga mai yi a gida. Ka goge fuskar dirom da ta wili, kada ƙasa ta shiga tsakani, domin ita ke sa noti ya saki bayan kwana biyu. Ka fara murza kowane noti da yatsa har ya zauna, sannan sifana, kuma a gicciye, wannan sai na daura da shi, ba bi da bi ba. Ka sauke keken ƙasa ka ƙarasa matsewa. Kada giris ko baƙin mai ya taɓa cikin dirom. Kafin ka sauke, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, idan tana wasa boris ne, nan aikinka ya ƙare nawa ya fara. Ka zaga unguwa ba fasinja, ka taka birki, ka dawo ka sake bin notin.

Alhaji Mai Kekuna: Duk wannan karatun, yaro mai sauri ya fita kafin 'yan makaranta su watse ne zai tsaya yi? Mai kekensa ya yi yadda ya so. Nawa dai dokata tana nan, kuma kuɗin aikin ni ke biya, ba daga balas ba.

Direban Kawo: Idan ku ke biya Alhaji ai ba wanda zai ƙi. Yawancin masu keke ba sa biya, shi ya sa muke tsugunawa da kanmu.

Maman Ikilima: Oga na Panteka, jak irin na keke ana samun na hannu a wurinku? Gara in saya masa da kuɗin adashina in huta da bulon nan.

Bakaniken Panteka: Ana samu Hajiya, har na ƙananan motoci yana yi. Ku ce ya zo da keken a gwada tsayinsa a ƙarƙashi kafin ya biya, wani jak ɗin ba ya shiga idan taya ta kwanta.