Wai Biniam Girmay ne ɗan Afirka na farko?

Mai Farin Keke: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, sai na amayar. Jiya bayan la'asar na shiga gidan kallon unguwarmu, talabijin uku a jere, duka ukun maimaicin wasan da aka buga tun watan Mayu suke nunawa. Na roƙi yaron da ke riƙe da rimot ya sa mini Tour de France a ta ƙarshen, wadda ma gefenta ya fashe, minti 20 kacal, in ga yadda zangon ranar zai ƙare. Har na ce zan biya kuɗin mutum uku. Wani daga bencin baya ya ce in tseren keke nake so, in je bakin firamare lokacin tashi. Ɗakin ya kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu mutum ɗaya a ciki da ya taɓa jin sunan Biniam Girmay. Yaro ɗan Asmara, haihuwar 2000, ɗan kafinta, ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France. A 2024 zango uku ya cinye, ya koma gida da koriyar riga. Amma tambaye su golan Chelsea na uku, za su gaya maka har sunan garinsu. Mu dai ba mu san namu ba.

Ɗan Gunners: Allah ya huci zuciyarka. Amma kai ma, wa ya aike ka gidan ƙwallo neman keke?

Malam Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina tare da kai kan wulaƙancin da aka yi maka, sai dai ka gyara kalma ɗaya. Ba shi ne na farko ba. Robbie Hunter, mutumin Afirka ta Kudu, ya ci zango a Montpellier tun 2007, lokacin Biniam yana ɗan shekara 7. Daryl Impey, shi ma daga can, ya sa riga ruwan ɗorawa a 2013, ya kuma ci zango a 2019. Abin da ake faɗa shi ne baƙar fatar Afirka na farko.

Mai Farin Keke: Malam, ai waɗannan Turawa ne.

Malam Tsohon Malami: Turawan ina? A Afirka aka haife su, tutar Afirka ta Kudu ce a rigarsu.

Mai Farin Keke: Ko kaza ta kwana a ɗakin tattabaru ba za ta tashi sama ba.

Anti Likita: To in wurin haihuwa ne ma'auni, Chris Froome a Nairobi aka haife shi, kuma shi gasar baki ɗaya ya ci har sau 4, ba zango ba. Sai ku ce ɗan Kenya ne ya riga kowa mu huta.

Malam Tsohon Malami: A'a Hajiya, shi da tutar Birtaniya ya ci. Ba ya cikin lissafi.

Anti Likita: Malam, ɗazu haihuwa ka kawo, yanzu tuta. Ka tsaya wuri ɗaya mana.

Ɗan Gunners: Tsaya Mai Keke, ina da tambaya. In sai baƙi ne ɗan Afirka, Salah fa? Mahrez fa?

Na Liverpool Har Abada: Kada wanda ya sa Salah a wannan shirmen. Sau biyu yana zama gwarzon Afirka, 2017 da 2018.

Ɗan Gunners: Da kofin Afirka nawa?

Na Liverpool Har Abada: Ɗan Arsenal ne yau yake tambayar kofi? Ikon Allah.

Admin: Jama'a a koma kan magana.

Sarkin Shayi: Ni dai ban ga abin mamaki ba. Habashawa ai gudu a jininsu yake, sun yi da ƙafa yanzu sun koma keke.

Baƙon Kasala: Ɗan'uwa, Eritiriya ake magana, ba Habasha ba. Shekara 30 suka yi suna yaƙi kafin su sami ƙasarsu a 1993. Na zauna a Kasala, iyaka ɗaya muke da su, na san abin da nake faɗa. Kuma keke ba jiya suka fara ba, tun mulkin Italiya ya shiga Asmara. Garin yana kan tudu sama da mita 2,300, yaron da ya taso yana taka feda a wannan iskar, in ya sauko ƙasa huhunsa kamar na doki yake. Daniel Teklehaimanot ma nasu ne, ya sa rigar gwanin hawan dutse a Tour ta 2015.

Sarkin Shayi: Duk ɗaya ne, injera suke ci.

Baƙon Kasala: Kai ma tuwo kake ci, mu ce kai ɗan Nijar ne?

Ɗan Maraɗi: To mene ne aibun zama ɗan Nijar? Ku bar sa mu cikin rigimarku.

Baƙon Kasala: Misali na bayar, yallaɓai, ba zagi ba.

Ɗan Maraɗi: Kullum mu ne misali.

Ustaz: Wai ba shi ne wanda murfin kwalbar giya ya faɗa wa a ido ba? Na ga bidiyon.

Mai Farin Keke: Ustaz, daga duk abin da yaron nan ya yi, wannan kaɗai ka riƙe? A Giro ta Italiya ne, 2022, zango na 10 a garin Jesi. Shi da Mathieu van der Poel suka kece raini a mitocin ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa, har Van der Poel ya gaji ya zauna kan sirdi, ya ɗaga masa babban yatsa tun kafin su ƙetare layi. Mutum irin wannan ya sallama maka a gaban duniya! Da aka hau dandamali aka ajiye masa kwalbar da ake ba duk wanda ya ci, ya sunkuya zai buɗe, toshiyar ta harbe shi a idon hagu. Asibiti aka kai shi, washegari bai fito ba. Kusan wata biyu kafin nan ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam, a kan duwatsun da Beljiyawa ke taƙama da su.

Ustaz: To ai ka ga ishara.

Anti Likita: Ishara ko rashin sanin inda ake juya bakin kwalba? Ko lemo mai gas ka girgiza ka leƙa, abin da za ka gani ke nan.

Ustaz: Hajiya, ba da ke nake ba.

Ɗan Gunners: Ni abin da ban gane ba, ya ci gasar ko bai ci ba? Na duba na ga wani Pogacar ne ya ci 2024.

Mai Farin Keke: Riguna ne daban-daban. Ruwan ɗorawa ta wanda ya fi ƙarancin lokaci ce in an haɗa zango 21, ita ce ta Pogacar. Koriya ta maki ce, ana tara su a bakin layi da wasu wurare a tsakiyar hanya, yawanci masu fizgar ƙarshe ke ɗaukarta. Biniam ya fara ci a Turin, bayan kusan kilomita 230 a kan sirdi, ya ƙara biyu. A Nîmes ya faɗi dab da layi, Jasper Philipsen ya ci ranar ya matso shi da maki, amma ya tashi da ƙujewarsa ya riƙe rigar har Nice.

Ɗan Gunners: Wato takalmin zinare ya ci, ba kofi ba. Ka ce haka tun farko.

Mai Farin Keke: Ba haka ba ne!

Na Liverpool Har Abada: Yau na yarda da ɗan Arsenal.

Kawu Mai Faci: Ku yara kuna ta surutu. Kekensu ba kariya, ba madubi, taya kamar tsintsiya. Ku ba shi Raleigh ta marigayi babana, a ɗaure masa buhun gero a baya, ya shiga yashi, sannan ku zo ku gaya mini.

Anti Likita: Kawu, mu da 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye ta je Olympics a Paris 2024 sai da Jamusawa suka ara mata keke, wane baki gare mu? Ruwanda ga shi ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumban 2025.

Sarkin Shayi: An zo wurin. Komai sai an zagi Najeriya.

Mai Farin Keke: Ni fa maganar gidan kallo na kawo.

Admin: To alhamdulillahi, an tattauna an ƙaru, zan rufe. Abin da ya fito fili: na ɗaya, Malam ya tabbatar yaron ba shi ne na farko ba, don haka tushen ƙorafin ya rushe. Na biyu, bai ci kofi ba, riga aka ba shi, kamar yadda Ɗan Gunners ya fayyace da hujja. Na uku, gidan kallo sana'a ce, da kuɗi ake sayen man janareta, ba za a ɓata wa mutum 40 rai saboda mutum ɗaya ba. Batun ido mun bar wa malamai. Salah kuma a kawo shi ranar Asabar.

Anti Likita: Admin, ba ƙaninka ne mai gidan kallon ba?

Admin: Wannan ba ya cikin maudu'i, Hajiya.

Mai Farin Keke ya fita daga zauren.

Kawu Mai Faci: Wanda ke da lambarsa ya gaya masa ya zo ya ɗauki tayarsa, kwana 9 ke nan da na yi mata faci bai biya ba.