Za a ƙara mana kuɗin tikiti a kasuwa, ina wanda muke biya yake zuwa?

Mai Albasa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin ƙaramar hukuma. Ni albasa nake sarowa daga yankin Aliero ina lodi zuwa kudu. Satin da ya wuce an tara mu a rumfar sarkin kasuwa, wani ya zo daga sakatariya ya ce za a ƙara kuɗin tikitin buhu da na rumfa, wai ana son a haɓaka kuɗin shiga a yi ma gari aiki. Wlh mu ba mu ƙi biya ba, amma yanzu haka buhu ɗaya sai an yanka mai tikiti a ƙofa, a yanka wajen lodi, direba ya sake biya a tasha, kuma ƴar takardar da ake miƙo maka ko lamba babu, wani sa'in ma hannu kawai za a miƙo. Daminar bara ruwa ya kwanta a layinmu kwana uku saboda kwalbati ta toshe, buhu tara na zubar da hannuna, warin har cikin rigata. Bayan gida babu, fitila babu. Shin doka ta ba su wanga karɓa? Kuma kason Abuja da ake ta faɗi fa?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Eh doka ta ba su. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kasuwa da tashar mota da mahauta da lasisin shaguna a hannun ƙaramar hukuma. Amma wurin da ya ba su karɓa, nan ne kuma ya ɗora masu gina wuraren da kula da su, har bayan gidan jama'a da kwashe shara, to ka ga kwalbatin nan hakkinku ne.

Na yi shekaru a sashen kuɗi kafin in yi ritaya, in gaya maka gaskiya matsalar ba ƙarancin tikiti ba ce. Ana ba ɗan kwangila kasuwa a ce ya kawo kaza duk wata, abin da ya tara sama da haka nasa ne, shi ya sa yaransa ke matsa maku. Wani kuma ya buga nasa littafin rasit a gefe. In aka ƙara farashi ba a toshe wannan ɓarakar ba, aljihun mutum ɗaya aka ƙara ma. Maganar Abuja kuma, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura ma ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Mu a Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare mu. Ku tambayi kansilanku nawa ke shigowa, ba rashin kunya ba ne.

Hajiya Mai Shinkafa:
Baba Akawu ka gama magana. Ni daga Argungu nake, turara shinkafa muke yi mu da matan unguwa. Abin da nake gani, gari ba ya arziki da tatsar mai tire da mai baro. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, aka zo aka yi shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas, aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT nan garinmu a 2017, kowa ya ga yadda tireloli suka yawaita, mai abinci ta samu, mai shayi ya samu, ƴan dako sun samu. Haka in an yi bikin kamun kifi a Matan Fada ɗakin haya ma gagara yake yi. To su ciyamomi abin da ya kamata su yi kenan, su jawo ciniki tukuna. A gina ma masu albasa rumbun ajiya mai iska a riƙa karɓar haya, wa zai ƙi biya? Ai sai an ba saniya dusa ake zuwa da ƙwarya.

Ɗan Kamba:
Hajiya haka ne. Mu nan bakin iyaka mun gani da ido, da aka rufe boda a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023 kasuwa ta mutu murus, mai tikitin ma zama ya yi yana hamma. Shawarata Alhaji ku ce a kawo POS ko lambar asusun ƙaramar hukuma, kowa ya biya alat ya shigo, a daina miƙa tsaba.

Mai Albasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Akawu na karanta ma shugaban ƙungiyarmu amsarka a waya, ya ce ranar kasuwa mai zuwa za mu zauna mu rubuta takarda, tikiti ɗaya mai lamba, biya ta asusu, kuma a yashe kwalbatin kafin ruwa ya sauka, sannan a yi maganar ƙari. Dan Allah Baba wa ya kamata mu kai ma takardar, kansila ko kai tsaye ofishin ciyaman?

Tsohon Akawu:
Ku kai ma duka biyun, ku ba hakimi kwafi. Kuma kar ku baro sakatariya sai an buga maku hatimi da kwanan wata a kan taku.