Sifiku biyar da wufa, amma biyu kaɗai ke magana

Baban Yara, Yelwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu sanin kayan sauti ku taimaka don Allah. Na sayi hom tiyata na hannu wajen wani abokin aikina, irin mai sifiku biyar da wufa ɗaya, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Ranar Asabar na wuni ina jan waya a falo, har na huda bango na rataye biyu a bayan kujera, uwargida na ta mita wai na ɓata mata fenti. Na haɗa shi da laftof ɗina da wayar nan da ake sokawa a ramin iyafis, ɗaya bakin nata ja da fari. Sauti na fita, amma daga na gaba biyu kawai, sai wufa da ke ɗan gurnani. Na bayan ko tari ba sa yi. Kuma da na jona caja, musamman idan janareto muka tayar, sai wani zuuu ya taso kamar ƙudan zuma. Na gwada faifan DVD a cikin na'urar kanta, duk sifikun sun amsa, don haka lafiyarsu ƙalau. Ina matsalar take?

Mai gyaran rediyo, Wunti: Wa alaikumus salam Alhaji. Laifin wayarka ne. Ramin iyafis layi biyu kaɗai yake fitarwa, hagu da dama, shi ya sa bakinta ja da fari. Abin da ake kira 5.1 kuwa layi shida ne, kowane da nasa saƙon: gaba hagu, gaba dama, tsakiya inda maganar 'yan wasa ke fita, baya biyu, sai na wufa. Ba yadda za a yi shida su bi ta hanyar biyu. Wancan zuuu ɗin ma ta wannan wayar yake shigowa daga caja.

Ɗalibi, Gwallameji: Baba ka sayi wayar HDMI kawai, ita tana ɗaukar har layi 8. Ka soka daga laftof zuwa na'urar, ka shiga saitin sauti na Windows, ka zaɓi na'urar, ka danna inda aka rubuta Configure, ka zaɓi 5.1. Akwai wajen gwaji, za ka ji ƙararrawa na zagaya sifikun ɗaya bayan ɗaya.

Baban Yara, Yelwa: Yarona, na ciro ta talabijin na gwada yanzun nan. Laftof ko nuna alamar ta ga wani abu ba ta yi ba.

Mai gyaran rediyo, Wunti: Na san a rina. Alhaji haska tocila a bayan na'urar ka karanta mana abin da aka rubuta a gefen ramin. Maganar ɗalibi daidai ce ga manyan risiba, wato na'urorin da ke karɓar sauti su raba wa sifiku, masu ramukan HDMI jere, waɗanda ake shiga da fita. Amma irin waɗannan masu haɗe da DVD da suka cika gidajenmu, yawancinsu rami ɗaya ne, kuma na fitar da hoto ne zuwa talabijin. Ka duba kuma ko akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da 'yar ƙofa a bakinsa.

Baban Yara, Yelwa: HDMI OUT aka rubuta. Ɗan ramin ma na gan shi, an rubuta OPTICAL IN.

Mai gyaran rediyo, Wunti: Alhamdulillahi, ka tsira da kuɗinka. Wannan ramin oftikal ne, da haske yake aiki, ba tagulla a cikin wayarsa, saboda haka ƙudan zumanka sun tafi. Sai dai yana da sharaɗi. Sauti a warware layi biyu kawai yake iya ɗauka. Shida sai in an dunƙule su, wato Dolby Digital ko DTS, na'urarka ce za ta kwance ƙullin ta raba wa sifiku. Tunda laftof ba ta da wannan ramin, ka nemi ɗan akwatin da ke ware sauti daga HDMI, a shago ka ce odiyo ekstirakta. Laftof ta shiga cikinsa, hoto ya wuce talabijin, oftikal ta tafi hom tiyata. Akwai ɗan makunni a jikinsa, ka tura shi kan 5.1, kar ka bar shi a kan 2. Wayar oftikal kuma kar a lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma a cire 'yar robar da ke kan bakinta. Mutum nawa suka kawo min na'ura wai ta mutu, ashe robar ce ba su cire ba.

Mai gidan kallo, Pantami: Kafin ka kashe kuɗin akwati, duba bayan talabijin ɗinka, wasu suna da oftikal na fita. Ni na taɓa bi ta nan, amma tawa layi biyu ta riƙa ba ni, don ita ke gaya wa kwamfuta cewa sifiku biyu gare ta. Gwaji dai ba ya cin komai sai kuɗin waya.

Malamar kwamfuta, Tumfure: Yaya, duk wayoyin nan ba za su haifar da abin da babu a cikin fim ɗin ba. Yawancin abin da ake tura mana a shagunan turi sitiriyo ne, wato layi biyu, haka YouTube idan a kwamfuta ka buɗe. Ka buɗe fim a manhajar kallon fim ta VLC, ka danna Ctrl da J tare, za ta nuna maka irin sautin da yawan layukansa. In ka ga A52 ko DTS da layi shida, ka dace. Sai ka shiga saitin sautin VLC ka kunna inda aka rubuta passthrough, don ta miƙa saƙon a rufe kamar ɗan aiken da ba ya buɗe wasiƙa. In kuwa AAC ka gani, ko da shida ne, oftikal ba za ta wuce da shi haka ba, biyu za ka samu. Ga irin waɗannan, nemi Pro Logic II a rimot, shi yake yayyafa wa na baya wani abu daga layi biyun. Ba na gaske ba ne, amma ya fi shiru.

Wani ɗan zaure: Ni dai maƙwabtan Alhaji nake tausayawa.

Baban Yara, Yelwa: Jama'a na dawo da godiya, Allah ya saka da alheri. Ta talabijin ba ta yi ba, kamar yadda ɗan'uwa na Pantami ya faɗa. Na samo akwatin jiya, na bi yadda Malam da Malama suka tsara. Cikin finafinai 14 da ke laftof ɗin, uku kaɗai ke da layi shida. Da na kunna ɗaya, ɗan gilashin gaban na'urar ya rubuta Dolby, ana ruwan sama a fim ɗin, autarmu ta tashi da gudu wai za ta kwashe shanya. Zuuu ɗin ya ɗauke ɗif. Sai dai yanzu in na rage ƙara daga laftof ba ta raguwa, ko na ɓata wani saiti ne?

Malamar kwamfuta, Tumfure: Ba ka ɓata komai ba Yaya. Tunda a rufe take miƙa sautin, ba ta da ikon taɓa shi. Da rimot ɗin hom tiyata za ka riƙa ragewa.